Lambar Katin Asibiti

Shekara talatin da biyu mahaifina ya yi a sito na kamfanin sabulu, yana raba kaya a kwalaye. Abokan aikinsa Ba-Saura suke ce masa, domin kafin a sauke mota ya riga ya faɗi ko kayan za su shige cif ko za a bar uku a ƙasa. Da ya yi ritaya, mu muka shiga uku. Lambar mota, lambar mita, har lambar wayar surukinsa, duk sai ya tsaga su. Wadda ta rabu ya ce mai sauƙin kai ce, wadda babu abin da ke raba ta sai ɗaya da ita kanta, ya ce mai taurin kai ce irin mahaifiyarmu.

Bana ya fara ajiye tabarau a cikin firji. Sau biyu ya kira ni da sunan ƙanwarsa. Na tsorata ƙwarai, shi kuwa ya ce muddin yana raba lamba, kansa lafiya lau yake.

Da ƙyar na kai shi asibiti. A layin jira ya juya katin da aka ba shi, ya ga lambar: 20,153. Nan take ya zaro biro, ya ɗora katin a gwiwa. Ina jin yana gunguni: biyu ba ta shiga, uku ba ta shiga, biyar ma haka. Ya yi bakwai, ya soke, ya wuce. Gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Mutum huɗu suka shiga suka fito bai ɗago ba.

Can ya yi ajiyar zuciya. "Mai taurin kai ce. Na bi ta har ɗari da arba'in, babu mai raba ta. Duba a wayarki ki gani."

Na duba. A bakwai ta rabu, 2,879, ba saura. Lissafin da a da yake yi yana tsaye, da kwali a kafaɗa. Na kife wayar a cinya.

"Haka ne, Baba," na ce.

Ya daɗe yana kallona ta saman tabarau. "Ke dai ba ki taɓa iya ƙarya ba. Nawa ya raba ta?"

"Bakwai."

Bai ce a sake gwadawa ba. Ya mayar da murfin biro a hankali, ya miƙo min katin. Daidai lokacin nas ta leƙo ta ce mu ne na gaba.

Ya riƙe hannuna kafin mu tashi. "In mun shiga, ke za ki faɗa wa likita maganar bakwai ɗin nan," ya ce. "Kar ki bar min, zan iya mantawa."