Yarinyar da Muke Nuna wa Baƙi

Ni ba na ɗaukar yabon malami sai na ji da kunnena, yarinyar nan kuwa na ji ta. 'Yar aji shida ce a makarantar da nake shugabanta a Mairi, kullum daga Dusuman babanta yake kawo ta a bayan keke. Duk baƙon da ya zo, ita nake kira ta karanta masa littafin Turanci, ba gargada. Baban ya riga ya yanke magana: in ta ci jarrabawar shiga sakandare ta ci gaba, in ta faɗi ta koma gona.

Sai ambaliya ta cinye mana littattafai. Da muka dawo aka kawo sababbi, ba irin na da ba. Na shiga ajinsu ina ta fara'a, na miƙa mata ɗaya.

Ta buɗe, ta ƙura wa shafin ido, ta yi shiru. Na ɗauka kunya ce, na ja ta ofis. Na ɗora yatsa kan kalma mai harafi uku. Wallahi ko ita ba ta iya ba.

Na aika a kira malamin ajin, mutumin Biu ne, ba ya wasa da aiki. Ya rantse kullum suna karatu. Gaskiyarsa. Haka muke koyarwa tun fil azal: malami ya karanta, yara su maimaita da ƙarfi har maƙwabta su ji, mu kuma muna ofis muna cewa aiki na tafiya. Ita Allah ya ba ta kai, abin da ta ji sau ɗaya ya zauna. Har wurin juya shafi ta haddace.

Raina ya ɓaci, na rasa wanda zan huce a kansa. Ga jarrabawa a bakin ƙofa, a can kuwa ba mai karanta mata komai.

Ta matso, ta ce a hankali, "Malama, ki karanta mini sau ɗaya, sai in karanta miki."

Na ce, "'Yata, wannan ba karatu ba ne, hadda ce."

Ta dube ni, ta dubi malaminta. Ba ta yi kuka ba.

Ta ce, "Ke ma ba haka kike yi ba?"