Ranar da Kawu Ya Kawo Amfilifayarsa Samaru

Kawuna, wan mahaifiyata, ya fi shekara talatin yana kaɗa jita a wata majami'a a Sabon Gari. Ni kuwa ina koyarwa a Samaru, kuma a ɗakina nake ɗaukar waƙoƙi da kwamfuta. Da na lura yatsunsa sun fara sanƙarewa, sai na matsa masa ya zo in ɗauki kiɗan waƙoƙinsa biyar tun yana iyawa.

Wata Asabar da hantsi ya iso a keke mai ƙafa uku, rungume da amfilifayarsa, wani baƙin akwati mai nauyin tsiya wanda ke ƙara wa jita murya. Na ce masa da bai wahalar da kansa ba, akwai manhaja a kwamfutata da ke kwaikwayon irin wannan akwati. Ya ce hoton tuwo bai taɓa ƙosar da kowa ba.

Na bi nasa. Na kafa makirfo a gaban akwatin muka ɗauka. Da muka saurara, jitar na nan da daɗinta, amma ga rurin janaretan mai aski, ga dakan maƙwabciyata, duk a ciki. Sau huɗu muna sakewa.

Sai muka gwada nawa. Na haɗa jitar da kwamfuta, na sa masa abin saurare a kunne. Sauti ya fito tas, amma kiɗan ya yi lami. Mutumin da ban taɓa jin ya kuskure shiga baiti ba ya riƙa tuntuɓe. Can ya cire abin ya ajiye a cinya.

"'Yata, ni ba da kunne kaɗai nake ji ba," ya ce. "In akwatin bai bugo ni a gwiwa ba, hannuna bai san inda za shi ba."

Na gaskata shi, don na gani da idona. Amma ban yarda in bar masa janareta a cikin waƙa ba. Ina da wata 'yar na'ura mai raba wayar jita gida biyu. Na kai waya ɗaya amfilifayarsa, ya murɗa ta son ransa har gilashin taga na rawa. Ɗayar ta wuce kwamfuta, inda ba abin da ke shiga sai abin da tsirkiya ta faɗa. Makirfon na bar shi a wurinsa, a kashe. Kafin la'asar ya kaɗa duka biyar, idonsa rufe.

Kwana uku ina daidaita manhajar, don na san muryar akwatin nan tun ina goye. Ran Lahadin mako na gaba bayan sujada na kai masa gida. Ya saurara, ya juya ga matarsa ya ce ta ji aikin akwatinsa ko.

"Kawu, makirfon a kashe yake," na ce. "Hannunka ne, amma muryar ta kwamfuta ce."

Matarsa ta tashi ta shiga kicin tana danne dariya. Ya ce in mayar da waƙa ta uku, ya kasa kunne sosai, sannan ya nuna min wurin da ya kai hannu ƙasan jitar. Ya ce a nan nasa yakan ɗan dushe, nawa kuwa ya cika ladabi.

Gaskiyarsa ce. Na koma Samaru na ƙara wa wurin kaushi, kuma wannan gyararren shi mawaƙan majami'arsu suke bita da shi har yau.