Furen da Yabawa Ta Sauko da Shi Daga Dutse

Wanda duk ya taɓa sayen tabarmar kaba a kasuwar Gure ya san Yabawa, ko da bai san sunanta ba. Tsohuwa ce doguwa, ba ta ciniki biyu, ba ta kuma dariyar banza. Daga Gamu aka kawo ta gidan mijinta Abarshi, ta haifi 'ya ɗaya tal, Biba. Yarinyar tana fara tafiya ƙyanda ta shigo gari, ta tafi da ita.

To, kun san mace ba ta bin gawa. Maza suka ɗauki Biba a 'yar tabarma, suka fita gabas da gari, suka dawo hannu wofi. Yabawa ba ta ga wurin ba. Ta ce wata rana za ta tambayi Abarshi, kunyar 'yar fari ta hana ta buɗe baki, har shi ma ya bi. Rairayi kuwa ya yi ta matsowa sannu a hankali har ya haɗiye tsohuwar maƙabartar, aka buɗe sabuwa. Wurin ya zama tudu, jakuna na bi ta kai. Abin da ke cin Yabawa ke nan: ta san inda 'yarta take kwance kafin ita ma a ɗauke ta.

Buraima makiyayi, wanda ke kawo mata kaba, shi ya zo mata da wani fure wata rana. Ɗan ƙarami ne, fari, bakinsa ja-ja, ba shi da ƙanshi ko kaɗan.

"Goggo, a kan dutse na tsinko," in ji shi. "Awaki ba sa taɓa shi. Har kewaye shi suke yi."

Ta roƙe shi iri, ya kawo mata bayan damina, ƙwayoyi baƙaƙe masu taurin tsiya. Ta shuka a fasasshiyar tukunya, shiru. Ta jiƙa a ruwan ɗumi, ta goga a dutsen niƙa, ta gauraya da toka, ta sa kashin awaki. Wallahi ko tsiro ɗaya! Maƙwabta suka sa ta gaba da tsiya, wai tsohuwa ta bar gero ta koma noman abin da ba a miya da shi.

Da ta gaji, ta ce wa Buraima ya kai ta ta gani da idonta. Da sanda ta hau, tana hutawa tana haki. A can sama akwai kufai, na mutanen da suka ɓuya a dutse zamanin hare-hare, ba wanda ya san sunansu yanzu. Furen na nan, amma ba ko'ina ba. Gungu-gungu yake, kowane gungu tsawon mutum, kowanne a miƙe kudu da arewa. Tsakaninsu ƙasa fayau. Ko kukan tsuntsu babu a wurin.

"Buraima, ka san abin da kake takawa?"

Ya duba ƙafarsa, ya yi tsalle baya yana salati. Ita kuwa ta durƙusa, ta yi wa mamatan sallama, ta shiga tsinkar iri har ta cika bakin zanenta.

Da hadarin fari ya haɗo, aka ga Yabawa a kan tudun rairayin nan tana watsa abu kamar mai ba kaji tsaba. 'Yan furoje masu dashen itace don tsare rairayi suka ce mata, "Inna, ba abin da zai fito nan sai an yi shinge." Ta ce ta ji. Ta bi tudun kaf, gefe zuwa gefe. A ranta ta riga ta ƙulla: manya za su fito da tsawonsu, ita ɗan guntu take nema, wanda bai wuce kamu biyu ba. In ta gan shi, ta ga Biba.

Ruwa ya sauka, ya sake sauka. Wata safiya Buraima ya shigo gidan ko sallama bai yi ba, ya ce, "Goggo, ya fito." Ya ƙi kuma raka ta.

Ta tarar da tudun ya yi fari. Ga dogayen can, jefi-jefi, a jere kudu da arewa. Sai ta gangara gefen gabas, ta tsaya cak. Guntayen ne, birjik, kusa da kusa, layi bayan layi har gindin tudun, duk tsawonsu ɗaya. Ita 'yarta kawai ta riƙe a rai shekara da shekaru, ta manta ƙyandar ba gidanta kaɗai ta shiga ba.

Ta bi su ɗaya bayan ɗaya, tana dafa kowanne da tafin hannu, tana kiran sunan da ba ta taɓa furtawa a gaban mutane ba. Rana ta take tana yi. Tsofaffin matan unguwa da suka ji labari suka fito, suka tsaya a gefe, ba mai tsiya yau. Wata ta matso ta tambaye ta a hankali, "Yaya, kin gane taki?"

Yabawa ta girgiza kai. Ta ce, "Ke fa, nawa ƙyandar ta ɗauke miki a shekarar?"

Matar ta ɗaga yatsu biyu, ta durƙusa kusa da ita.