Cokalin Baba Mai Tausa

Tun raɓa ba ta bushe a ciyawar filin wasa ba yake isowa, yana tura kekensa da hannu don kada ya ɓata farin layin masu gudu. Sai ya buɗe ɗan ɗakinsa da ke ƙarƙashin wurin zaman 'yan kallo, ya shimfiɗa tawul a kan benci, ya jera bandeji da man zafi. Daga ƙarshe ya zaro wani tsohon cokali daga aljihu ya goge da bakin riga. Shekara talatin da ɗaya ke nan Baba Mai Tausa yana haka, kuma ƙarshen watan nan zai ajiye aiki.

Duk wanda ya taɓa gudu a filin ya san cokalin nan. Ranar tsere, kafin Baba ya liƙa maka lamba a ƙirji, sai ya cika shi da ruwa ya ce ka riƙe, ya ƙirga goma a hankali kamar mai rarrashin jariri. In ruwan ya zube, ya leƙa idonka ya ce, "Gahawa kofi nawa?" Ba ya gaba da gahawa. Shi da kansa yake cewa kofi ɗaya kafin a fara yana wartsake jiki, ya rage jin gajiya. Masu ɗura uku da huɗu ne yake zaunarwa, don a cewarsa zuciyarsu ta riga ƙafafunsu fara gudu.

Ni dai ba ɗan tsere ba ne, ko kaza ce ta kuɓuce mini sai dai in bi ta da addu'a. Autarmu ce mai gudu. Har yau in na lumshe ido ina ganinta a cikin hazon asuba, tana shan kwanar filin kamar ba ta taka ƙasa. Shekara goma sha biyu da suka wuce aka sa ranar zaɓen waɗanda za su tafi babbar gasa. Saura kwana biyu, Baba ya danna ƙwaurinta na hagu, ta ƙwalla ƙara. Ya ce a je a yi hoton ƙashi. Ni kuwa, yayanta mai dabara, na ce hoto ya jira. Da safen tseren na ba ta ƙwayoyin kashe zafin ciwo huɗu, na bi su da gahawa mai kauri.

Da Auta ta riƙe cokalin, kafin Baba ya kai biyar ruwan ya zube. Ya durƙusa ya danna ƙwaurin nan. Auta ta yi murmushi.

"Ka gani, Baba? Babu zafi ko kaɗan."

"Ai shi ya tayar mini da hankali, 'yata. Shekaranjiya wurin nan ya yi mini magana, yau ya yi shiru. Ƙashi ba ya warkewa a kwana biyu. Wa ya toshe masa baki?"

Ya ɗago ya dube ni, sannan ya ninke lambarta ya sa a aljihu. Mai horar da ita ya zo yana kumfar baki, Auta tana kuka, ni kuma na ce masa tsoho mai baƙin ciki. Ina jin kunyar kalmar nan har gobe. Aka yi tseren, layinta na huɗu babu kowa. Washegari hoto ya nuna tsaga siririya kamar silin gashi, likita ya ce da ta yi gudun nan da ƙashin ya rabu biyu.

Baba, kai ne mai jin maganar ƙashi. Kai ka yarda a zage ka a gaban jama'a don yarinya ta tsira da ƙafarta. Damar nan ba ta sake zagayowa ba, ka san haka, kuma ban taɓa jin ka ce ai ka faɗa ba.

Makon jiya muka je wurin Baba ni da Auta, wadda yanzu take koyar da wasanni a makaranta, don in ba shi haƙurin da na daɗe ina riƙe da shi. Ya yi dariya, ya cika cokalin ya riƙe da kansa. Hannun ya kama rawa, ruwan ya ɗiga a kan takalminsa.

"Kun gani? Ba gahawa ba ce, shekaru ne. Ni ma na cire wa kaina lamba."

Mun gode, Baba, Allah Ya sa ka huta lafiya. Ku kuma masu horar da 'ya'yan mutane, ku koyi tambayar abin da suka haɗiya kafin ku hura usur.

Da za mu tafi Baba ya sake cika cokalin ya miƙa wa Auta. Ta tsaya a kan ƙafafunta biyu, ya ƙirga goma, ko ɗigo bai zuba ba. Ya ce ta tafi da shi.