Kunun Kanwar da Na Dama wa 'Yata

Haihuwar fari ce, don haka babbar 'yata ta dawo gida Kura wanka daga gidan mijinta a Bunkure. Lokacin ana tsakiyar girbin shinkafar rani, tsakar gidanmu duk buhuna ne da hayaƙin turara.

Tun tana zuwa awo malamar asibiti ta gaya mata jininta yana hawa, ta rage gishiri da magi, in ta haihu kuma kada a ba ta kunun kanwa. Yarinyar ta gaya mini. Ni kuma na gaya wa goggona, wadda duk mai jegon danginmu ita ke yi mata wanka. Goggo ta dube ni sheƙeƙe.

"Wannan malamar, da me aka yi jegon uwarta? Mai jego ba kanwa, ta ina nono zai zo? In sanyi ya shige ta, ke za ki cire mata?"

Na bi maganar Goggo. Biyayyar nan har yau tana ci mini rai.

Ni na riƙa jiƙa kanwar, ni na riƙa damawa, safe da yamma, kwano cike. Ga farfesun ƙafar sa da na zabga wa gishiri da magi don bakinta ya buɗe. In ta ture kwanon sai in yi mata faɗa, in ce ta cika tsirfa.

A sati na uku fuskarta ta cika, ƙafafu suka yi suntum, zobe ya ƙi fita daga yatsa. Matan unguwa suna shigowa suna cewa, "Tubarkalla, jego ya karɓe ta." Ni kuwa har wani daɗi nake ji, wai na iya riƙon mai jego. Da ta fara haki da tari, Goggo ta ce ai sanyin ne, a ƙara kanwa. Na ƙara.

Wata safiya ta yanke jiki ta faɗi a gaban tukunyar ruwan wanka. A adaidaita sahu muka kai ta Kano. Likita ya danna ƙaurinta da babban yatsa, wurin ya lotsa ya ƙi dawowa.

"Hajiya, wannan ba ƙiba ba ce, ruwa ne," in ji shi. Ya ce kanwa da gishiri da magi duk dangi ɗaya ne. Jiki yana buƙatar gishiri, amma na yini guda bai kamata ya wuce ƙaramin cokali ba. In suka yi yawa sai jiki ya riƙe ruwa, zuciyar da ta gaji da ɗaukar ciki ta kasa turawa.

Haushin kaina ya kama ni. Mu da muka san gonar da gishiri ya fito mata fari fat ko shinkafa ba ta yi a ciki, mu ne muke ɗura shi a cikin mutum, muna jiran a yaba mana.

Ta rayu, alhamdu lillahi. Sai dai kullum tana kan magani, ba ta iya tsayuwa a kan tukunyar turara shinkafa, likita kuma ya ce wani cikin kasada ne da ranta. Goggo ta ce ƙaddara ce. Na yarda da ƙaddara, amma na san hannun wa ya riƙe ludayin.

Bara autata ta haihu. Goggo ta zo da ƙullin kanwarta a gefen zane. Na karɓa da hannu biyu, na wuce na zuba wa tumaki a kwatarniya, tana kallo. Ta yi wata biyu ba ta amsa gaisuwata.

Ranar suna mata suka yi ta gulma, wai mai jego ta bushe, uwarta ta yi mata rowa. Na miƙe zan tanka musu, sai babbar ta riƙe mini hannu. Tana zaune jingine da bango, ɗanta ɗaya tilo a gefenta.

"Ƙyale su, Inna," ta ce a hankali. "Ni ai sun yabe ni."