Malam Iliyasu da Kurege Mai Guntun Bindi

Duk wanda ya san Malam Iliyasu a Greensboro ya san shi da abu biyu: tuƙin motar 'yan makaranta, wadda a faɗarsa ba ta taɓa makara ba, da labarin yadda ya yi ƙuruciya yana yaƙi da tsuntsaye. A wani ƙauye kusa da Malumfashi aka haife shi. Da gero ya fara nuna, mahaifinsa kan ɗora shi a kan rumfar kara a tsakiyar gona, ya damƙa masa igiyar da aka jera wa gwangwanaye, kowanne da tsakuwa a ciki. Tsuntsayen jan-baki su sauko, ya ja igiya, ya kwatsa ihu, su tashi. Yakan ce har yau in ya ga tsuntsu, hannunsa na dama kan motsa shi kaɗai.

Karatu ne ya kawo shi Amurka. Karatun ya ƙare, shi bai koma ba. Ya ɗauko Hajiya Rahina daga gida, suka yi shekaru a wani ɗan gidan haya a Glenwood, maƙwabtansu ɗalibai ne dama da hagu, suka raini 'yarsu Mubina har ta zama nas. Da furfura ta kama suka koma McLeansville, saboda Hajiya ta ce tana son filin da za ta shuka yakuwa ba tare da wani ya tambaye ta mene ne wannan ba.

Bara aka yi wa Hajiya aikin gwiwa. Likita ya ce dole ta riƙa takawa kullum, in ba haka ba gwiwar ta sandare. Hajiya ta ce gwiwar ai ba tata ba ce, ta ƙarfe ce, wanda ya saka ta ya zo ya taka ta. Ta kwanta abinta. Malam ya yi lallashi, ya yi wa'azi, ya yi fushi na ƙarya, ba ta motsa ba.

Mubina ce ta zo da dabara. Ta kawo mazubin hatsin tsuntsaye, ta rataya shi a kan sandar ƙarfe a filin baya, daidai tagar kicin.

"Ni da na tashi ina korarsu," in ji Malam, "yau ni ne zan dafa musu?"

"Baba, ba dafawa za ka yi ba. Zubawa kawai."

"Ai da zubawar ake farawa."

Amma ya zuba. Ba a jima ba wani jan tsuntsu mai tukku ya fara zuwa, ja jawur kamar an tsoma shi a manja. Hajiya ta ji labarinsa, ta ce ƙarya ce, ta ja sandarta mai ƙafa huɗu ta tako har taga don ta ƙaryata. Ta gan shi, ta sa masa suna Ɗan Gayu. Daga ranar, kullum da safe sai ta taso daga ɗaki ta zo ta ga ko ya iso. Wannan ita ce kaɗai tafiyar da take yi, Malam kuwa ya san da haka.

Sai kurege ya shigo maganar. Wani toka-toka ne mai guntun bindi, da alama ya taɓa gamuwa da wani abu ya sha da ƙyar. Ya hau sandar kamar an kafa ta dominsa, ya rataya da ƙafafun baya, kai a ƙasa, ya cinye hatsin tas. Ɗan Gayu ya zo ya tarar da wayam, ya sake zuwa ya tarar da wayam, ya daina zuwa. Hajiya ma ta daina.

"Me zan je in gani?" in ji ta daga kan gado. "Ɓera mai gashi?"

Malam ya ce ta kwantar da hankalinta, tsaron hatsi gadonsa ne. Ya tara gwangwanayen tumatir, ya zuba musu tsakuwa, ya ja igiya daga sandar har bakin ƙofar kicin. Da ya dawo daga kai yara makaranta sai ya zauna a kujerar roba, igiya a hannu. Kurege ya hau, Malam ya ja, ya kwatsa ihun nan na gonar mahaifinsa. Duk wani mai fiffike da ke McLeansville ya tashi sama. Kurege ya ɗago kai, ya dube shi, ya ci gaba da tauna.

Sai ya haɗa mutum-mutumi. Ya sa masa tsohuwar babbar rigarsa da hula, ya tsayar da shi kusa da sandar. Tsuntsaye suka ƙara nisa. Kurege kuwa ya sami tsani: daga ƙasa zuwa hannun riga, daga nan zuwa hula, daga hula zuwa abinci. Wata dattijuwa maƙwabciyarsu ta yi kwanaki tana ɗaga wa rigar hannu da safe, har ta tare Mubina ta tambaye ta ko ta yi wa babanta wani laifi ne, da ba ya amsa mata gaisuwa.

Ranar Juma'a bayan an idar da salla, Malam ya kai kuka wurin Hassoumi, bakanike ɗan Maraɗi, wanda ba a taɓa kawo masa matsalar da bai san maganinta ba, ko da kuwa ranar ya fara jin ta.

"Bon, Malam Iliyasu," in ji Hassoumi, da ɗan Faransancinsa, "kai tsuntsu ka iya kora, shi ya sa tsuntsu ka kora. Barkono za ka gauraya da hatsin. Tsuntsu ba ya jin zafinsa, kurege kuwa sai ya yi kuka da hawaye."

"Ka tabbata?"

"Ni na taɓa gaya maka abin da ban tabbata ba?"

Malam bai amsa wannan ba, don suna bakin masallaci.

A gida ya buɗe kabad ya ga barkonon kanti, ya taɓe baki. Wannan ko jariri ba zai sa atishawa ba. Can a sama, bayan tukwane, akwai kwalbar yajin Hajiya, wanda yayarta ke daka mata da hannunta a Malumfashi, ake aiko shi a jakar duk wanda tsautsayi ya sa ya ce zai taho. Yaji ne da ya taɓa sa wani baƙo ya cire hula a tsakiyar cin abinci. Malam ya ce a ransa, in za a yi yaƙi a yi shi da makamin gaske. Ya juye rabi a cikin hatsin, ya duba, ya ƙara.

Abin da Malam bai sani ba, don a rayuwarsa ci kawai yake yi bai taɓa tsayawa kusa da turmi ba, shi ne fiye da rabin yajin nan ƙuli-ƙuli ne.

Da safe Mai Guntun Bindi ya zo, ya shinshina, ya yi atishawa, ya tsaya kamar mai tunani. Sai ya ɗanɗana. Ya sauka da gudu ya shige cikin itatuwa. Malam ya miƙe daga kujera yana shirin kai wa Hajiya albishir, sai ga shi ya dawo da danginsa kaf, manya da ƙanana. Suka hau sanda, suka hau riga, wani ya zauna daram a kan hula. Suna ci suna atishawa, suna goge hanci da hannu, suna komawa.

Ƙamshin ne ya shiga ta taga har ɗaki.

"Malam," in ji Hajiya daga ciki, "wa ke gasa tsire da safen nan?"

"Babu kowa."

"To me nake ji kamar yajin Yaya?"

Malam ya koma kujera ya zauna. Ya ji ƙarar sanda a kan daɓe, ƙwas, ƙwas. Ya ji an buɗe kabad. Ya ji an rufe. Sannan ƙofar kicin ta buɗe, Hajiya ta fito, ta sauko matakalar da tun da aka yi aikin ba ta ko kalle ta ba, ta ratsa ciyawa, ta wuce kunyar yakuwarta. A tsakiyar fili sandarta ta harɗe da igiyar gwangwanaye, ta sake ta a nan ta ci gaba da ƙafarta. Kurege da danginsa, waɗanda ihun Malam bai taɓa girgiza su ba, suka dubi fuskarta sau ɗaya suka watse.

Ta sauke mazubin ta leƙa ciki.

"Yajin da nake auna wa kaina da ƙaramin cokali," in ji ta. "Ka yi wa ɓeraye walima da shi."

"Hajiya, kin ga inda kike tsaye kuwa?"

Ta dubi ƙasa, ta waiga ta dubi sandar can kwance a cikin gwangwanaye.

"Kada ka canza magana."

"Ban canza ba. Cewa na yi ki dubi nisan."

"Na gani. Ɗauko min turmi da busasshen barkono, tsurarsa, ba gyaɗa. Daga yau ni zan riƙa fitowa in zuba da kaina, tunda ba a bar maka komai. Ka kuma cire wa wannan abin rigarka kafin mutane su ce ka haukace."

Malam ya nufi kicin yana danne murmushi. Bai tsaya ɗauko mata sandar ba, ita ma ba ta tambaya ba.