Yakaka Mai Makullan Danchuwa

A gefen Danchuwa, ta hanyar da ke fita gonaki, akwai gidajen bulo goma sha ɗaya da ba a kwana cikinsu sai sau biyu a shekara. 'Ya'yan unguwar ne suka gina su, waɗanda aiki ya kai Abuja da Kano da Fatakwal. Wata goma cur unguwar ta tsofaffi ce da manoma da awakinsu. Mai shayi ɗaya ne, shi ma kafin hantsi ya kife tukunya. Amma da watan Babbar Sallah ya kama, ko makarantu suka ba da dogon hutu, sai motoci su cika layin, mahauta daga Kasuwar Shanu su zo su kafa tukuba har uku, yara masu Hausar birni su dinga tsoron kaji. Liman ya ce sahun Azahar daga biyu yake komawa bakwai.

Makullan gidajen nan duka suna hannun Yakaka. Ta haura sittin, mijinta direban motar shanu ne, ya daɗe da rasuwa. Ba ta yi boko ba, don haka kowane makulli da launin tsumman da ta ɗaura masa. Saura kwana goma Sallah take fara aiki: ta buɗe tagogi, ta fid da katifu rana, ta share, ta sa turaren wuta. Daga nan ta bi gindin bango da yatsa tana neman hanyar gara. Shekara goma sha tara tana wannan aiki, ba ta taɓa saɓa maganar mai gida ba, kuma ba a taɓa jin abin da ke gidan wani a bakinta ba. Shi ya sa ake ba ta makulli.

Bana Hajiya Munawwara, malamar jinya a Abuja, mai ɗaya daga cikin gidajen, ta kira ta. 'Yarta Ramlat ta rasu bara bayan gajeriyar rashin lafiya, tana da shekara goma sha bakwai, kuma tun lokacin ɗakinta yake kulle.

"Inna, ki buɗe ko'ina, amma ɗakin Ramlat ki bar shi yadda yake. Kada kowa ya shiga."

"Na ji," in ji Yakaka.

An yi ruwan farko a makon. Da ta zo shara sai ta ga siririn layin jar ƙasa ya fito ta ƙarƙashin ƙofar ɗakin. Ta ƙwanƙwasa katakon gefen ƙofar, ta ji ciki ba komai. Ta san abin da ke ɗakin: akwatin katako na tufafin yarinyar, da littattafanta jere a ƙasa. Ta kuma san aikin gara a farkon damina. Kwana taran da suka rage kafin masu gidan su iso sun ishi gara ta gama da kayan. Ta kira Munawwara sau biyu, ba a ɗauka ba. Ta san in ta buɗe, wataƙila a karɓe makullin, labari kuma ya kai sauran gidaje goma cewa Yakaka tana shiga inda aka hana.

Ta buɗe. Kafin ta taɓa komai ta ɗauko gawayi ta zagaye mazaunin kowane abu a daɓen siminti, har takalman da ke bakin gado. Gara ta riga ta ci littattafai biyu na ƙasa da ƙafa ɗaya ta akwatin. Ta kankare ƙasar, ta zuba magani da toka, ta ɗora akwatin kan bulo. Tufafin ba ta kai su tsakar gida ba, don kada maƙwabta su hango. A cikin ɗakin ta baza su, taga a buɗe. Da la'asar ta mayar da komai cikin zanensa, ta goge gawayin.

Ranar jajiberi motar su Munawwara ta iso. Alhaji Zakari, mijin Munawwara, ya fito yana miƙa.

"Inna Yakaka, har yanzu kin ƙi tsufa?"

"Kai dai tumbi ya riga ka fitowa daga mota," ta ce. Sannan ta juya. "Maman Ramlat, kafin ki zauna: na shiga ɗakin."

Munawwara ta tsaya da jaka a hannu. "Na ce kada a shiga."

"Kin ce. Na shiga."

Ta miƙa mata littattafan biyu naɗe a ɗankwali, rabin kowanne ya zama ƙasa, da makullin ɗakin mai shuɗin tsumma a kai. Zakari ya koma wajen mota ya hau sauke kaya da kansa.

Munawwara ta buɗe ɗakin ta shiga. Shekara guda ba ta taka shi ba. Yakaka ta zauna a dakali tana jira, ba ta leƙa ba. An fi rabin awa kafin Munawwara ta fito, fuskarta a wanke, ta sa makullin a tafin Yakaka.

"Duk wata ki dinga buɗe tagar, Inna. Ke kaɗai."

"In damina ce, duk sati biyu," in ji Yakaka.